Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da jinina ya faɗi a ɗakin tiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na tsaya inda likita ya ce yaron ya zo a gicciye, dole sai an yi min aiki.

To kun san Hajiya, tun kafin a tura ni ciki take cewa "mu da muka durƙusa sau tara ba wanda ya yanka mu". Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Aka zaunar da ni bakin gado, nas ta ce in rungumi filo in lanƙwasa baya, mai allurar kashe zafi ya shafa min wani abu mai sanyi sannan na ji tsinin allura a ƙasan bayana. Ban gama kwanciya ba ƙafafuna suka ɗau ɗumi suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Can sai jiri, sai tashin zuciya, gumi mai sanyi ya keto min, fitilar sama ta fara yi min nisa, na ce masa "Malam zan yi amai", ko kallona bai yi ba idonsa na kan na'urar awon jini da ke ta matse min dantse kusan duk minti ɗaya, na ji ya ce 80 bisa 50, ya sa aka karkata gadon zuwa hagu, ya buɗe ƙarin ruwan yana gudu, ya ɗura wata 'yar allura a jijiyar hannuna. Sai a lokacin ya dafa goshina ya ce "Hajiya yi numfashi, yanzu zai wuce". Kuma ya wuce ɗin.

Shekara shida bayan nan da na raka ƙanwata nata aikin ne na tsare wata ma'aikaciya sai da ta warware min. Ashe allurar baya tana sa hanyoyin jini na rabin jiki na ƙasa su saki su buɗe, jini ya taru a can, wanda ke komawa zuciya ya ragu. Ga mahaifa da nauyinta, in mai ciki ta kwanta rigingine tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, shi ya sa ake karkata mutum hagu kamar digiri 15. Allurar hannun kuma efedirin ce ko fenilefirin, su ke tsuke jijiyoyin, sai jinin ya hau. Ta ce aman nan sau da yawa shi ne alamar farko, kuma dalilin gaggawarsu shi ne in jinin uwa ya daɗe a ƙasa, wanda ke isa ga jariri ta mabiyiya ma raguwa yake.

Amma ranar suna me aka yi ta yaɗawa a tsakar gida? Wai tsoro ne ya sa na kusa suma, wai ragwanta. Ina ɗaki da ɗinki a mara ko tari ba na iya yi ina jin Hajiya tana maimaita durƙuso taranta ga mata 'yan barka, baban yaran kuma yana zaure bai ce uffan ba, wannan ma wani kashin ne daban.

Ni na ji lambar da kunnena, 80 bisa 50. Ban taɓa faɗa wa Hajiya ba har Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Ƙanwata kuwa tun a mota na ce mata da ta ji tashin zuciya ta faɗa da ƙarfi, kar ta yi kara.