Juyen mai a tsohon injin jirgin ruwa na iska

Mai jirgin ruwa na iska bai cika kunna inji ba. Da shi za a fita daga tasha, da shi za a shigo, sai kuma ranar da iska ta ƙi kaɗawa. Shi ya sa da yawa ke ganin baƙin mansu bai yi aikin da za a zubar da shi ba. Ni kam ban yarda ba. Injin da ake tayarwa minti ashirin a kashe ba ya yin zafin da zai kori laimar da ke taruwa a cikinsa, ga baƙin hayaƙi da tsamin da ƙonewar dizal ke bari a mai. Duk shekara nake juye, ko awoyin aiki sun kai 100 ko ba su kai ba, kuma kafin in ajiye jirgi, don kada ƙarfe ya yi watanni kwance cikin gurɓataccen mai.

Nawa injin Yanmar 2GM20 ne, mai silinda biyu, ƙirar shekarun 1980. Wajen lita biyu yake ci, baƙin mai mai lamba 15W-40 na injin dizal. Yana zaune can ƙasan jirgi, da ƙyar tafin hannu ke shiga ƙarƙashinsa, balle a tara kwano. Don haka ta ramin sandar awon mai ake tsotse shi, da ƙaramin famfon hannu da siririn tiyo.

Sai na tabbatar bawul ɗin ruwan sanyaya inji a buɗe yake, sannan in bar shi ya yi aiki kamar minti goma sha biyar. Mai mai sanyi ba ya bin siririn tiyo, kuma dattin da ya kwanta ba zai taso ba. Bayan na kashe inji, ina tura tiyon a hankali har in ji ya taɓa gindi, in ɗan ja shi baya kaɗan. Idan aka cusa da ƙarfi sai ya lanƙwashe ya koma sama, ka ji famfo na shan iska alhali da sauran mai. Abin da na tsotso kuwa sai na auna, in gwada da abin da injin ke ci.

A nan ne nake tsayawa in duba da kyau. Baƙi ƙirin ba abin damuwa ba ne a injin dizal. Amma idan ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, wataƙila ta gaskit, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kan inji da jikinsa, ko ta bututun hayaƙi. Wannan ba juye ne maganinsa ba, kada a rufe a tafi.

Filtar a kwance take, don haka nakan sa mata leda kafin in kwance, da tsumma a ƙasa. Man da ya ɗiga gindin jirgi, famfon kwashe ruwa zai watsa shi cikin teku, abin da ba na so ko kaɗan. A duba ko tsohuwar robar bakin filtar ta liƙe a jikin inji, domin roba biyu a haɗe yoyo ne. A shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaura da hannu kawai.

Bayan na zuba sabon mai nakan tayar da inji in ga fitilar matsin mai ta mutu, in haska gindin filta da tocila, in kashe. Minti biyar, sai in sake awo in cika, saboda filta ta sha nata. Tsohon man yana cikin jarka a rufe, zuwa wurin da ake karɓarsa.