Turke ɗaya, yashi ɗaya, amma nauyin da zai ɗauka ya bambanta

A yankin Daura da arewacin Katsina yashi ne ya fi yawa, musamman a gindin gadojin kogunan da ke ƙafewa da rani. Idan ƙasar sama ba za ta riƙe gini ba, sai a koma ga turakun kankare ko na ƙarfe. Turke na ɗaukar kaya ta hanya biyu: riƙon da yashi ya yi wa jikinsa, da ƙasar da gindinsa ya taka. Yadda aka shigar da shi yana taɓa duka biyun.

Wanda aka buga da guduma yana ture yashi gefe, ya matse shi har kusan ninki 3 na kaurin turken. Yashi mai sako-sako sai ya ƙara ƙarfi, riƙo ya ƙaru. Shi ya sa ake barin tazarar aƙalla ninki 3 tsakanin turaku, kuma a fara bugu daga tsakiya a yi waje. In aka fara daga gefe, na tsakiya sai su ƙi shiga. Masu tura ruwa da famfo don turke ya nutse da wuri suna warware wannan matsi, don haka a tsayar da ruwan da sauran kamar mita 1 ko fiye, a ƙarasa da guduma.

Wanda ake haƙa rami a zuba kankare shi ne abin damuwata, don shi aka fi yi a birni saboda bugu na tsaga bangon maƙwabta. Haƙa na sassauta yashi tun farko. Da an wuce matakin ruwan ƙasa, wanda ke tasowa sosai da damina, ruwa zai riƙa ɓulɓulowa daga gindin rami yana kwance yashin da turke zai taka. Maganinsa bututun ƙarfe mai tare bango, da riƙe ruwan bentonait, wato wani irin yumɓu da ake damawa da ruwa a cika ramin da shi, mita 1 zuwa 2 sama da matakin ruwan ƙasa, ko da lokacin zaro bokitin haƙa.

Kada rami ya kwana a buɗe. Laka na taruwa a gindi, bentonait ya yi kauri a bango, turke ya zama mai santsi. A share gindi bayan an saka kejin rodi, a zuba kankare mai laushi, wanda tudunsa ke zubewa da milimita 180 zuwa 220 in an cire mazubin gwajin laushi, ta bututun da ya kai ƙasa. Bakin bututun ya zauna cikin kankare kamar mita 2 har a gama. In ya fito, yashi ya raba turken biyu, kuma ba wanda zai gani daga sama.

Kafin a ɗora gini, a gwada turke da ninki 1.5 na nauyin da aka ƙiyasta masa, a auna nutsewarsa. Turken gwajin ya zama an yi shi da inji ɗaya da hanya ɗaya da sauran, in ba haka ba sakamakon bai shafe su ba.