Hayaƙin leda

Da karsashi na tashi yau. Tun rana ba ta ɗaga ba na ba shukokin Yaya ruwa, biyu daga ciki har sun yi toho. Aiki lafiya lau.

Da yamma ne ƙauri ya cika ɗaki. Ina leƙawa sai ga Kawu a bayan gida ya tara shara ya cinna mata wuta, yawancinta leda da robobin ruwa. Hayaƙi baƙi ƙirin, robar tana narkewa tana ɗiga, Auta kuma tana gefe sai tari take yi.

Na ce, "Kawu, don Allah a bar ƙona ledar nan, hayaƙinta guba ne, huhu yake ci."

Ya ce, "Ke 'yar nan, kin fara zancen masu rajin muhallin nan ko? Mu ne muka ɓata duniya? Je ki faɗa wa Sin da Amurka."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yana da gaskiya. Ƙasashen nan biyu kaɗai suna fitar da fiye da kashi 40 cikin 100 na iskar da ƙona mai da kwal ke turawa sama. An yi yarjejeniyar Paris ta rage ɗumamar duniya a 2015, amma 2024 ta zo ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Ita kanta roba, ana ƙera sama da tan miliyan 400 duk shekara, kashi 9 kacal na shararta ake sake sarrafawa. A watan Agustan 2025 ƙasashen duniya suka zauna a birnin Janiba na ƙasar Switzerland kan yarjejeniyar rage ta, aka watse hannu rabbana, ƙasashe masu arzikin mai sun ƙi a taƙaita ƙera ta. Duk wannan yana ƙona mini rai.

Amma hayaƙin yau ba Sin ya tafi ba. Ƙirjin Auta ya shiga. Na faɗa masa haka a hankali, sai ya jingine tsintsiyar ya ce, "To in ban ƙona ba, ina zan kai ta?"

Nan bakina ya mutu. In an binne ta, ba ta ruɓewa. In an watsa a kwata, ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo ta rama a kan gidajen mutane. Dalilin da ya sa Bangladash ta haramta siririyar leda tun 2002 ke nan, bayan ambaliya ta tona yadda take cushe magudanai. Ruwanda ta bi sahu a 2008. Su ba su tsaya kan inda za a zubar ba, hana ta shigowa suka yi. Kawu kuwa an bar shi da tsibin shara da ashana, sannan ni na zo ina ganin laifinsa.

Har dare raina ba daɗi. 

Inna ta ce daga gobe duk mai fita sayayya ya ɗauki jakar yadi, kuma ita da kanta za ta yi wa Kawu magana a ware robobin gefe, masu saye su zo su kwashe. Ita yana jin maganarta.