Hanci ba ya auna gas

Shekaranjiya na tarar da ɗan ƙanwata wajen 'yan bumburutu, zai sayi gas, wato man dizal, ya zuba wa injin niƙan da uwarsa ta sayar da saniya ta saya masa. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Kawu, wannan mai kyau ne." Sai na ji gabana ya faɗi, don ni ma da yatsa da hanci na kashe nawa injin.

Zamanin da farashin kananzir na hukuma yake naira 50 lita, gas kuwa ya yi masa nisa, ni da hannuna nake surka su in ɗura. Injin yana tashi, yana niƙa, har na riƙa yi wa masu sayen gas zalla kallon wawaye. Kuma gaskiya ban ga laifina sosai ba. Ga iyali, ga kuɗin makaranta, wanda ya koya mini ma tsohon direba ne, ya ce haka ake yi a ƙasashen sanyi don kada gas ya daskare. Ba ƙarya ya yi ba. Amma mu ina muka ga sanyin? Ashe gas ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, maiƙonsa ne ke shafe famfon injekta da nozul, wato sassan da ke tura mai cikin injin. Kananzir a bushe yake, sai ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Lambar sitan ɗinsa, wato saurin kama wutarsa idan fistin ya matse iska, yawanci ba ta kai ta gas ba, shi ya sa injin ke ƙwanƙwasa da asuba, ni kuwa ina cewa tsufa ne. Ranar da bakanike ya kwance famfon, sai ya lakato wani gari mai ƙyalli a yatsa ya nuna mini. Duk rarar da na tara ba ta biya gyaran ba.

To, ku auna. Lita ɗaya ta gas tana tsakanin giram 820 da 860, kananzir wajen 800, fetur wajen 740. A depo da haidiromita, na'urar auna nauyin mai, ake gwadawa, amma ƙaramin sikeli ma ya isa. Ku zuba a farar kwalba ya kwana, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Sai dai kada ku saki jiki da sikelin, mai algus yakan haɗa kananzir da baƙin mai, nauyi ya dawo daidai.

Ku saya a gidan mai. Ko da yake fetur ɗin nan mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022, a gidajen mai aka sayar da shi, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Ku dai karɓi rasit.

Yaran yanzu, waya a hannu dare da rana, amma takardar da ta faɗi irin man da injin ke sha, tare da kwali ake yar da ita. Ku ɗauko ta ku karanta, kuma ku riƙa canja filta.