Ashe zarton bai dakushe ba, danƙo ne ya cika masa baki

Har yanzu in na tuna faifan zarton da na riƙa kaiwa wasi ba gaira ba dalili sai raina ya sosu wallahi. Abin da ke faruwa shi ne inji ya fara nishi, katako ya ƙi tafiya sai ka tura da ƙarfi, gefen yankan ya fito da baƙin tabo na ƙuna ga hayaƙi-hayaƙi, kowa a wajen aiki sai ya ce ai haƙoran sun mutu a kai wasi. To ana ta kaiwa, mai wasin kuma bai taɓa cewa komai ba, ya karɓa ya goge ya miƙo.

Ranar da na zauna na duba haƙoran da kyau a cikin haske sai na ga wani abu mai ruwan ƙasa ya daskare a gefen kowane haƙori da bayansa. Danƙon itace ne, irin wanda katakon fayin (wani itace mai taushi da yawan danƙo) ke fitarwa, haɗe da gam ɗin da ke cikin filawud da MDF (katakon da ake haɗawa da garin itace da gam), zafi ya narkar da su sun manne. Shi ke cike ɗan ratar da aka bari a gefen haƙori, sai faifan ya riƙa gugar katako maimakon yanka, guga ta kawo zafi, zafi ya ƙara narko wani danƙon. Kuma zafin nan shi ke saurin kashe kaifin na gaske.

Na cire filogi daga soket, na kwance faifan na kwantar da shi a roba mai faɗi, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, na bar shi kamar minti 15. Na bi haƙori ɗaya-ɗaya da tsohon buroshin goge baki, danƙon ya riƙa saɓulewa. Da na mayar na gwada, kai! katakon ya wuce sumul ba ƙuna ba nishi, faifan da aka ce ya mutu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne haƙoran nan ƙananan gutsattsarin kabaid ne, wani irin ƙarfe mai tsananin tauri, da aka liƙa a jikin ƙarfen faifan, duk wasi ɗaya sai an cinye wani abu daga jikinsu kuma ba ya dawowa. Wato duk faifan da aka wasa alhali wanka kawai yake so, an rage masa kwana ne a banza. Akwai wani faifai mai haƙori 80 da nake ji da shi saboda yankan filawud, haƙoransa sun sirance har ba sauran abin wasawa, kuma na tabbata yawancin zuwansa wasi datti ne kawai ya kai shi.

Yanzu kafin in yarda faifai ya dakushe sai na wanke shi tukuna, sannan in duba bakin haƙorin a haske, in bakin yana ɗan ƙyalli kamar zare to ya mulmule da gaske, mai kaifi ba ya mayar da haske haka.

Kar ka sa buroshin waya na ƙarfe, kabaid yana da tauri amma saurin ɓallewa gare shi, na roba ko na tagulla ya isa. Kostik soda da irin maganin wanke oven ni ba na kusantar da su, suna cinye fenti da rubutun jikin faifan ga ƙona hannu. In danƙon ya yi taurin kai kananzir na sassauta shi. Bakin rauta kuwa, wato injin fitar da ado a gefen katako, in za ka wanke shi ka cire bering ɗin kafin ka jiƙa, in ba haka ba maikon cikinsa zai wanke.

Da ka ɗauraye ka goge ka busar nan take, tsatsa ba ta jira. Ɗan mai kaɗan a shafa a goge, amma ban da mai silikon a ciki don yana bin katako ya hana fenti kamawa. Kuma a daina jibga faifai kan faifai haƙori na gugar haƙori, ni kwali nake sawa tsakaninsu ko in rataye kowanne a ƙusarsa. Na filawud da fayin su na fi yawan dubawa, da na ga gefen haƙori ya fara canja launi sai roba da ruwan ɗumi.