Abin da gyaran tsofaffin kekunan BMX na alminiyom ya koya mana

A cikin kekunan gwanjo da ke haurowa daga Duwala zuwa Garwa da Marwa akan tsinci ƙananan nan masu taya inci 20, wato BMX. Yawancinsu ƙarfe ne, amma jefi-jefi akan ci karo da na alminiyom, irin PK Ripper da kamfanin SE ya fara fitarwa a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. Kafin komai a ɗora maganaɗisu a jikin firam: in bai kama ba, duk abin da aka saba yi wa keken ƙarfe a ajiye shi gefe.

Darasin da ya fi ba masu sana'ar nan wuya shi ne, ƙarfin firam ɗin alminiyom daga gashin wuta yake. Nau'in da aka fi ƙera su da shi, 6061, bayan an gama haɗa shi a masana'anta sai an gasa shi a zafi wajen digiri 530 a ma'aunin Celsius, a tsoma a ruwa nan take, a sake gasawa a 175 na awa takwas. Da zarar wutar walda ta taɓa shi, wurin da ke kewaye da ɗinkin, kamar faɗin yatsu biyu, yakan rasa sulusi zuwa rabin ƙarfinsa. Shi ya sa za ka ga walda ta fito tsaf kamar an jera kwabbai, yaro ya yi tsalle da keken mako biyu, firam ya sake tsagewa. Ɗinkin yana nan daram, gefensa ne ya buɗe. Sai a zagi mai walda, alhali hannunsa bai yi laifi ba.

Tanderun da zai kai 530 ya kuma ɗauki firam sukutum ba abin da ake samu a garejin unguwa ba ne. Gashi na biyu kaɗai, wanda babban tanderun girki mai ma'aunin zafi zai iya, yana maido da wani kaso, ba duka ba, kuma sai an cire boris da roba da duk wani abu mai narkewa tukun. Nau'in 7005 ya fi sauƙin hali, don yana farfaɗowa da kansa in an bar shi 'yan makonni ba a hau ba.

Saboda haka kafin a kunna inji a duba inda tsagar take. Ta bakin bututun sirdi, ko ta ƙaramar gadar birki, tana gyaruwa. Wadda ke ƙarƙashin wuya, inda babban bututu ya haɗu da mazaunin kan keke, a ra'ayinmu keken ya gama tsalle. A gyara shi don ado ko 'yar zagayen tsakar gida, kuma a faɗa wa mai shi gaskiya: "Alhaji, wannan kada a bar yaro ya sauka gangara da shi."

Ido kaɗai ba ya ganin iyakar tsaga. A kankare fenti, a shafa kananzir, a bar shi minti goma sha biyar, a goge tas, sannan a barbaɗa garin alli. Kananzirin da ya shige ciki zai tsattsafo ya zana layi mai duhu, sau da yawa ya zarce inda aka zata. A huda ƙarshensa biyu da bakin diril na milimita 3 don kada ta ci gaba da tafiya, a ɗan fafe tsawonta.

Walda kuwa TIG ce, wato ta lantarki mai tsinken da ba ya narkewa, a saita injin a kan AC (wuta mai kai-da-komo), da iskar argon zalla mai kare ɗinki wajen lita 8 zuwa 10 a minti. Alminiyom na narkewa a digiri 660, amma siririyar fatar da ke samansa sai ta wuce 2000, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Mai waldar gas zai ga shiru, ya ƙara wuta, sai kawai bututu ya rufta. A goge wurin da asiton, a bi da burushin waya na sitenles wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Wuta kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ta kauri. Sandar ciko 4043 tana zuba lafiya a kan 6061, 5356 kuma ita ce ta 7005. Lokacin hunturu a kange wurin aiki da buhu ko kwali, don iska kaɗan ta isa ta kore argon, ɗinki ya fito baƙi da ƙananan ramuka.

Lanƙwasa wata magana ce. A ɗaura zare a mazaunin tayar baya na hagu, a zagayo ta wuya a dawo na dama, a auna tazararsa da bututun sirdi ta kowane ɓangare. Tsakanin mazaunan biyu kuma milimita 110 ne. Bambancin milimita ɗaya ko biyu a ƙyale shi. Firam ɗin ƙarfe ana taka shi a miƙar, alminiyom kuwa in ka tanƙwara ka mayar, ka shuka masa tsagar da ba za ta nuna ba sai daga baya. Lotsawar da ba ta da kaifi ma gara a bar ta da a buga ta.

Sai sandar sirdi da ta maƙale. In ta ƙarfe ce, a zuba mata mai na kwana biyu, sannan a kwarara tafasasshen ruwa a kan bututun, tunda alminiyom ya ninka ƙarfe wajen buɗewa da zafi, a kama kan sandar a bais a juya firam ɗin. Sodar nan ta yin sabulu da wasu ke zubawa, dabara ce ta firam ɗin ƙarfe mai sandar alminiyom. A nan firam ɗin za ta cinye.

Wajen ƙyalli, fesa yashin kogin Binuwai da kwamfiresa ba na wannan aikin ba ne, bututun bai kai kaurin da zai jure ba. Samfefa da ruwa, daga lamba 400 zuwa 800, 1200, a ƙare da 2000, sannan man goge ƙarfe da tsumma. Kada a shafe tudun walda don neman kyau, kuma a kewaye lambar firam da ke hatimce a jikinsa, domin ita mai saye zai fara dubawa.