Abin da ke tsayar da tsuntsayen ƙaura a ƙaramin tafki

Tsuntsun ruwan da zai ƙetare Sahara, tafiyar da ta kai kilomita 1,500 ko fiye, da kitsen jikinsa yake yin ta. A inda ya yada zango yake tara wannan kitse, shi ya sa kududdufin da mutane ke rainawa yake da daraja a wurinsa.

Abu na farko shi ne zurfin ruwa. Ƙananan tsuntsayen gaɓa, masu caccakar laka da baki suna zaro tsutsa da ƙananan dodon koɗi, ba sa iya kiwo a ruwan da ya wuce santimita 10. Agwagin da ke dulmiya kai su bar wutsiya a sama, nasu bai fi santimita 30 ba. To a lokacin zafi da busasshiyar iska, tafki kan rasa rabin santimita zuwa santimita 1 kowace rana. Ƙara da injin ban ruwa a gefe, cikin makonni kaɗan lakar ta bushe ta tsattsage, baki ba ya shiga. Ruwa mai yawa ma matsala ne: ya shanye gaɓar, abinci na nan amma sai dai kallo. A ƙasashen sanyi kuwa, dare biyu na ƙanƙara ya isa ya rufe ƙaramin tafki, agwagi su tashi su nausa kudu.

Fari na bin tsuntsu har gida. Bayan farin Sahel na shekarun 1970 da 1980, wani nau'in zalɓe mai hayayyafa a Holan ya ragu ƙwarai, domin fadamun da yake cin rani a cikinsu sun ƙafe.

Ta wajen ɗan Adam, ba harbi ne kaɗai ke yin ɓarna ba. A babban tafki, tsuntsu ya tsorata sai ya koma can tsakiya. A ƙarami babu wurin gudu. Kare ɗaya ko babur ya tayar da garke duka, su yi ta shawagi suna ƙona kitsen da suka tara. Haka ta faru sau da yawa a yini, su bar wurin. Akwai kuma ƙwayoyin dalma na harsashi da ke nutsewa cikin laka. Agwagwa ta haɗiye su a matsayin tsakuwar niƙa abinci, gubar ta kashe ta sannu a hankali. Tarayyar Turai ta haramta harbi da su a dausayi tun Fabrairun 2023.

Kuskuren da masu son gyara suka fi yi shi ne haƙa tafkin ya yi zurfi, a tsare ruwan wuri ɗaya duk shekara. Sai ciyawar kacala ta mamaye gaɓar, laka ta ɓace. Gara a bar gefe mai gangara a hankali, a riƙa rage ruwan santimita 2 zuwa 3 a mako lokacin ƙaura, sabuwar laka na fitowa, sannan a ja hanyar mutane da dabbobi zuwa gefe guda kawai.